Yadda ake kallon defile na soja ka gane abin da ka gani da kuɗin da aka kashe

Duk shekara in Disamba ta kama hunturu ya fara busawa sai muhawarar nan ta dawo a fadojinmu na Tahoua, wannan ya ce defile ɓarnar kuɗi ce kawai, wancan ya ce kai dai ba ka da kishin ƙasa, a yi ta ja har shayi ya huce ba wanda ya kawo lissafi ko guda. To ni abin da nake so in nuna maka ɗan'uwa shi ne yadda za ka je wurin faretin soja, ko ka zauna gaban Tele Sahel, ka tashi da abin da ya wuce "kai, sun yi kyau wallahi". Ba sai ka taɓa sa tenu ba. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima.

Kafin komai raba kuɗin gida biyu a cikin kanka, don nan ne yawancin masu gardama ke ɓata. Bikin 18 ga Disamba, na tunawa da kafa Jamhuriya a 1958, an yi shekaru ana zagayawa da shi jiha jiha, Dosso Sogha a 2014, Maraɗi Kolliya a 2015, Agadas Sokni a 2016, mu nan Tahoua Sakola a 2017, Damagaram Saboua a 2018, sai Tilaberi Tchandalo a 2019. In ka ji an ambaci miliyoyi da miliyar miliyar na irin wannan biki, mafi yawa kuɗin gari ne, kwalta, fitilun hanya, tiribin, gidajen sauke baƙi, gyaran filin jirgi. Wannan hira ce daban kuma tana da nata tambayoyin, wa ya samu kwangila, an gama ko ba a gama ba, gidan nan da aka gina wa ke ciki yau. Amma ba kuɗin fareti ba ne. Kuɗin fareti shi ne na kwaso sojoji da kayansu, ciyar da su, mai, fenti, sabbin tenu, da lokacinsu. In ka gwamutsa su wuri guda za ka ɗora ma soja laifin ɗan kwangila, ko kuma ka wanke kowa da sunan ai an yi muna hanya.

Sannan kar ka jira ranar biki. Faretin gaskiya ana ganinshi ne wurin gwaji, makonni kafin ranar. In an tare babbar hanya da asuba ana gwaji a bainar jama'a, ja mayafinka ka je bayan sallar asuba ka tsaya gefe kusa da mai ƙosai. A nan za ka ga abin da kamara ba ta nunawa. Sarjan yana tafiya da baya yana fuskantar layi, muryarshi ta dushe tun jiya, ya tsayar da mutum 60 saboda hannun mutum guda bai kai kafaɗa ba, a koma farko, ɗan fanfar yana hura ma yatsunshi iska don ɗari kafin ya ɗauki ƙaho, can baya kuma wani kamiyo ya ƙi tashi an ɗaga bakinshi makaniki ya shige har ƙugu wasu samari uku na jiran a ce su tura. Abin da za ka riƙe a nan guda biyu ne, kwana nawa aka ɗauka ana gwajin nan, kuma mota nawa ka ga ana fama da ita. Rubuta a ranka, za mu yi amfani da su a lissafi.

Amma fa don Allah wayarka ta zauna aljihu. Kar ka ɗauki hoton gwaji, kar ka ɗauki ƙofar bariki, kar ka tura ma kowa a WhatsApp cewa ayari kaza ya taso daga wuri kaza ƙarfe kaza. Halin da ƙasar ke ciki ba na wasa ba ne, abin da kai kake gani gulma ce ta gurup wani labarin leƙen asiri ne a wurinshi, kuma ko ba haka ba za ka iya kwana a jandarmari kana bayanin da ba ya ƙarewa.

Ranar biki fito da wuri, katin ɗan ƙasa a aljihu, ruwa a hannu, ba jaka babba, yaro ƙarami a riƙe hannunshi a kuma rubuta mishi lambar waya a takarda a sa a aljihu. In za ka zo da tsoho gaya mishi tun a gida za a buga igwa kar ya firgita. Binciken da ake yi a hanya kuma yi haƙuri da shi, yana da dalili. A wurin fareti aka harbe shugaban Masar Anwar Sadat ran 6 ga Oktoba 1981, kuma waɗanda suka harbe shi daga cikin motar da ke faretin suka diro. A Ahwaz ta Iran an buɗe wuta kan fareti a Satumba 2018 mutum 25 suka mutu. Nan kusa a Abuja bama-bamai sun tashi kusa da dandalin Eagle Square ran 1 ga Oktoba 2010 ana tsakar bikin cikar Najeriya shekara 50 da 'yancin kai. Fareti shi ne ranar da manyan ƙasa da manyan soja duk suke zaune a rumfa guda a sa'ar da kowa ya sani. Saboda haka in ka ga soja 1,000 na tafiya a kwalta, ka san akwai wasu da yawa da ba ka gani, a kan soraye, a mashigan gari, a daji kewaye da gari, su ma daga wani wuri aka ɗebo su kuma su ma suna cin abinci.

Wurin tsayawa. Kowa na rububin kusa da tiribin, kai kar ka bi su. Wuce can ƙarshen hanya inda layi ke watsewa. Gaban tiribin kowa ya ƙame, mita 200 ɗin nan aka yi wata guda ana koyo. A ƙarshe ne za ka ga wanda ke ɗingishi don takalmin ranjas ɗin sabo ne jiya aka raba, da motar da ke zubar da ruwa, da wadda hayaƙinta ya yi baƙi, da motar janwe da aka ɓoye a lungu tana jiran ko-ta-kwana.

Yanzu masu tafiya a ƙasa. Abu na farko da za ka saurara a bakin mai sanarwa shi ne su wa ke wucewa. Za ka ji 'yan Prytanée na Yamai, wato makarantar soja ta yara, makarantar hafsoshi EFOFAN, makarantar ƙananan hafsoshi ta Agadas, sabbin ɗauka na Tondibiya, jandarma, gardi, 'yan sanda, duwan, 'yan gandun daji, masu kashe gobara. In mafi yawan masu faretin 'yan makaranta ne da 'yan fanfar da ma'aikatan hedikwata, to asarar da aka yi ma fagen daga kaɗan ce, don ɗalibi dama koyon tafiya da ɗa'a yana cikin karatunshi. In kuwa ka ji ana kiran bataliyoyin da ka san aikinsu a daji yake, irin masu tsaron arewacin jiharmu wajen Tillia da Tasara, ko na Tilaberi da Difa, sai ka tambayi kanka wa ke riƙe da wurinsu a makonnin nan. Wataƙila lokacin hutunsu ne aka kawo su, to shi ma hutun nan da aka cinye a kwalta hutu ne da soja bai yi da iyalinshi ba, zai koma daji da gajiyarshi. Wannan tambayar ita ce zuciyar maganar shirin yaƙi, sauran duk rassa ne.

Kyan tafiya kuma kar ya ruɗe ka, kar kuma ka raina shi. Mutum 100 su ɗaga ƙafa lokaci guda yana nuna akwai mai ba da oda akwai mai bi, yana nuna sarjan-sarjan ɗin sun san aikinsu, kuma rundunar da ba ta iya jera layi ba da wuya ta iya abin da ya fi wannan. A da can ma tafiya a jere ita ce dabarar yaƙin kanta, lokacin bindigar da ake ɗurawa ta baki, sai an tsaya kafaɗa da kafaɗa an harba tare. Yau kuwa wanda ya jera haka gaban babbar bindigar nan duz-sat ya gama yawo. Yaƙin da yaranmu ke yi na kwanton ɓauna ne da nakiyar da aka binne a hanya da 'yan babura da ke fitowa da asuba, abin da ake buƙata harbi daidai, karanta taswira, magana a rediyo, ɗaure ma ɗan'uwa rauni kafin jini ya ƙare. Ko ɗaya ba a gani a fareti. Wani abin dariya ma, sojan Faransa na taka sau 120 a minti amma 'yan Lejiyon ɗinsu, rundunar da ke ɗaukar 'yan ƙasashen waje, 88 suke takawa, shi ya sa kullum su ake bari ƙarshen masu ƙafa a faretin bikin ƙasarsu na 14 ga Yuli don kar su tare ma na baya hanya, kuma ba wanda ya taɓa cewa don suna tafiya a hankali ba su iya faɗa ba.

Motoci ne inda ya kamata ka daɗe kana kallo. Jama'a na ƙirga yawa, kai ƙirga iri. In motoci masu sulke 30 suka wuce kuma iri 7 ne, wannan ta Sin, wannan ta Turkiyya, wannan kyautar Amurka, wannan tsohuwar Faransa, to ka tausaya ma makaniki da mai sito. Kowace da irin tayarta, irin batirinta, irin matatar manta, littafin gyaranta da yaren da ya bambanta, ƙarfen wannan ba ya shiga waccan. Ƙasa talaka ba ta cika samun zaɓi ba, abin da aka ba ka ko wanda aka yarda a sayar maka shi za ka ɗauka, ban ce laifin kowa ba ne. Amma 30 iri guda sun fi 30 iri bakwai amfani nesa ba kusa ba, ko da a fareti iri bakwai ɗin sun fi ban sha'awa.

Bayan haka nemi motocin da ba a tafa ma. Tankar gazuwal, tankar ruwa, ambilas, motar gareji mai tafiya, motar janwe, motar sadarwa mai dogayen eriya, masu neman nakiya. In sun wuce tafi kan mutu, mutane su fara sayen ruwan leda, alhali su ne ke gaya maka ko rundunar nan za ta iya kwana 10 a daji tsakanin Abalak da iyakar Mali ba ta dawo gari neman ruwa ba. Masu binciken kuɗin gwamnatin Amurka sun daɗe suna faɗin cewa wajen kashi 70 cikin 100 na abin da makami ke ci a tsawon rayuwarshi ba kuɗin saye ba ne, kuɗin riƙo ne, mai da gyara da kayan gyara da horar da masu aiki da shi. Kenan duk mota sabuwa da ka gani tana sheƙi, bashi ce da za a yi shekara 20 ana biya, kuma in ba a biya ba tana nan a bariki kan duwatsu ana cire mata kaya ana sa ma 'yar'uwarta.

Abin yana kama da jeren ɗakin amarya. Ranar kai ta kowa ya shiga ya ga kwanoni har rufi, ba mai tambayar wanne ne nata wanne aka aro gidan gwaggo, sai bayan sati biyu in masu kaya sun zo sun kwashe a san abin da ta mallaka. A fareti ma in runduna na da mota 50 irin guda, 12 da ke tashi su za a wanke a shafa ma taya baƙin mai a kawo, kai kuma ba ka da hanyar sanin 38 na can kwance ko suna bakin aiki. Wannan ba zargi ba ne, haka ake yi ko'ina a duniya, har ma da abin da ya fi haka. A 1955 Tarayyar Sobiyat ta yi bikin jiragen sama kusa da Mosko, jiragen yaƙi ƙalilan suka wuce suka zaga can nesa suka sake wucewa, 'yan leƙen Amurka suka ƙirga su sau biyu, Amurka ta tsorata ta zuba kuɗi wajen ƙera nata don cike giɓin da babu shi. Ka ga fareti ya sa an kashe kuɗi, amma a aljihun abokin gaba. A 2015 kuma sabuwar tankar yaƙin Rasha mai suna Armata da aka yi ta kururutawa ta tsaya cak a tsakiyar dandalin Mosko ranar gwaji. A faretin Mosko na 9 ga Mayu 2023 tanka guda tal ta fito, T-34 ta zamanin yaƙin duniya na biyu, kowa ya fahimci sauran suna Yukren. Wani lokacin abin da bai fito ba shi ya fi ba da labari, saboda haka in kana da ƙwaƙwalwa kwatanta da faretin da ya wuce, me aka nuna wancan karon da ba a gani yau.

Jirage sai ka ɗaga kai ka ji daɗinka, sakan 20 ne sun wuce. Ka dai san su suka fi komai tsada, kowane jirgi yana da adadin awoyin da zai tashi kafin a kwance shi a yi mishi babban gyara, awar da aka ci a gwajin fareti an cire ta daga wannan adadin. Ga haɗari, tashi a jere kusa da juna a ƙasa ƙasa ba wasa ba ne. A ƙarshen Satumba 2018 jiragen yaƙin Najeriya biyu sun yi karo a saman Abuja suna gwajin bikin 1 ga Oktoba, matuƙi guda ya rasu. Ga ƙasar da jiragenta ana ƙirga su da yatsu irin tamu, rasa guda a wurin ado ba ƙaramin abu ba ne.

To zo mu yi lissafi, ɗauko biro. Lambobin da zan sa na misali ne, ni na zaɓe su don a ga yadda ake yi, kai sai ka sa abin da idonka ya gani. Mu ce kamiyo 40 suka taso daga Yamai, hanyar nan ta Dosso, Dogon Dutsi, Ƙonni, a karya a Tsarnawa, wajen kilomita 550, zuwa da dawowa 1,100. Mu ce kowace na shan lita 30 a kilomita 100, lita 330 kenan, sau 40 ya ba ka lita 13,200. Sa lita a sefa 600 don sauƙi, ka samu kusan miliyan 8. Za ka ce ashe ba yawa. Haka ne, mai na hanya ba shi ne babba ba. Yanzu ɗauki mutane. Mu ce 2,000 ne, masu fareti da masu gadi, aka riƙe su kwana 21, cin kowa jika 2 a rana, miliyan 84 kenan, ya ninka man sau 10. Wani zai ce ai ko suna bariki za su ci, gaskiya ne, sai ka rage abin da dama za a kashe ka bar ƙarin, amma ka ƙara kuɗin guzuri, tenu da takalma sabbi, fenti, katifu, man da ake ƙonawa kullum a gwaji, da awoyin jirgi in akwai.

Lissafin da ya fi muhimmanci ba na sefa ba ne. Mutum 2,000 sau kwana 21, ranakun aiki 42,000. Raba da kamfanin soja mai mutum 150, ka samu kwana 280, wato kamar ka ɗauke kamfani guda cur daga aiki wata 9 da ɗoriya. Ga rundunar da a 2020 aka ce mutum 25,000 ce ana son a kai ta 50,000, a ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita miliyan 1 da dubu 267, wannan abin a auna ne. Shi ya sa na ce maka ka lura su wa ke tafiya. In ɗalibai ne 42,000 ɗin nan ba ta da zafi sosai, in mayaƙa ne tana da shi.

Don ka samu ma'auni, ga na masu kuɗi. Faretin da Amurka ta yi a Washinton a Yuni 1991 bayan yaƙin Gulf ya ci wajen dala miliyan 12. A 2018 Trump ya so yin irinshi bayan ya ga na Faransa ya burge shi, da aka ƙiyasta dala miliyan 92, sama da miliyar 50 kenan a kuɗinmu, sai aka fasa. Ya samu yi a 14 ga Yuni 2025, ranar cikar sojan ƙasa shekara 250, ƙiyasin ya kama daga miliyan 25 zuwa 45, har faranten ƙarfe aka shimfiɗa inda hanya ta yi kwana don tankar Abrams mai fiye da tan 60 kar ta tone kwalta. Mu wannan matsalar ba ta cika damunmu ba tunda kayanmu yawanci masu taya ne. A ɗaya gefen akwai shugaba Magufuli na Tanzaniya da ya soke bikin 'yancin kai na 9 ga Disamba 2015 ya ce kowa ya fito shara, kuɗin aka faɗaɗa hanya da su a Darussalam. Mu ma ai muna da irin namu tun tuni, 3 ga Agusta, ranar da muka samu 'yancin kai, bikin dashen itace ne.

Amma ga ra'ayina, kuma a nan nake rabuwa da masu cewa a soke defile a huta. Kuɗin ranar guda, in ka aza shi kusa da kasafin tsaro na shekara, bai taka kara ya karya ba. Inda fareti ke yin ɓarna ta gaske shi ne in ya shiga kan masu sayen kaya, a fara sayen abin da zai yi kyau gaban tiribin a bar abin da ba a nunawa. Ba wanda ke tafa ma kwalin kayan gyara, ko rigar sulke, ko maganin tsayar da jini, ko albashin da ya zo kan lokaci, ko haƙƙin matar sojan da ya rasu. Dubi maƙwabtanmu, Mali ta yi gagarumin fareti a Bamako ran 22 ga Satumba 2010 na cikar shekara 50, shugabanni sun zo har da Gaddafi, kaya sun wuce jama'a na ta murna. Shekara ɗaya da rabi bayan nan Kidal ta faɗi hannun 'yan tawaye ran 30 ga Maris 2012, Gao washegari, Tumbuktu ran 1 ga Afrilu, kuma kukan da sojojin da matansu suka yi ta yi tun kafin nan shi ne ba harsashi ba kayan aiki. Ba fareti ya kayar da su ba, amma fareti ya sa mutane da yawa sun yi barci da tunanin akwai abin da babu. Mu ma ba mu manta ba, harin Inates ran 10 ga Disamba 2019 muka rasa soja 71, kwana 8 kafin bikin da ya faɗo kan Tilaberi, sai Shinagodar ran 9 ga Janairu 2020 soja 89, Allah ya jiƙansu da rahama. A shekarar nan ta 2020 binciken da aka yi kan kwangilolin ma'aikatar tsaro ya fito, ana maganar wajen miliyar 76 tsakanin kayan da aka ƙara ma kuɗi da waɗanda aka biya ba su zo ba. Auna wannan da miliyan 84 ta shinkafar misalinmu. Mai son ya kare kuɗin soja can ya kamata ya sa ido, ba a kan fenti ba.

Kuma a faɗi gaskiya fareti na da amfaninshi. Kwaso mutum dubbai da motoci daga jihohi, a sauke su, a ciyar da su, a mayar da su ba a rasa kowa ba, wannan kanshi gwajin dabarun jigila ne. Yaron da ya hau bishiya yana kallo yau shi ne zai je layin ɗaukar soja gobe. Uwar da ɗanta ke Difa shekara biyu ta ga irin tenu ɗinshi ana tafa mata, wannan ba a sa mishi farashi. Sai dai kar a kira shi horo. In kana son ka ga bambanci tuna atisayen Flintlock da aka yi a ƙasar nan a 2018, har da nan Tahoua, ba kiɗa ba tiribin, harbi ne da kwasar mai rauni da shiga gida gida, ɗan gari ma bai ga komai ba sai ƙura da ƙarar jirgi. Ba girin-girin ba dai ta yi mai.

In an watse kar ka ce an gama. Kwana biyu uku bayan biki zauna a rumfar mai shayi bakin hanyar Ƙonni ka ga ayarin komawa, nawa ke tafiya da ƙafarsu nawa aka ɗora a bayan wata, ba hoto dai kamar yadda na ce. In kana da ƙane ko ɗan ɗaki a soja ya zo gaisuwa, kar ka tambaye shi inda suke ko su nawa ne, ba zai faɗa ba kuma bai kamata ya faɗa ba. Tambaye shi abin da uwa za ta tambaya, takalmin nan an bar maka ko an karɓe, kuɗin guzurin ya shigo, yaushe rabonka da hutu. Ga mai karatun faransanci kuma, kasafin kuɗin ƙasa na shekara ana buga shi, nemi layin ma'aikatar tsaro ka duba yadda aka raba tsakanin albashi, sayen kaya, da kuɗin gudanarwa da gyara, ka kwatanta shekara biyu ko uku a jere. Akwai kuma cibiyar SIPRI ta ƙasar Suwidin da ke fitar da alƙaluman kuɗin soja na ƙasashen duniya duk watan Afrilu kyauta a intanet, a nan za ka iya jera Nijar da Mali da Burkina da Cadi ka ga wa ke kashe nawa. In layin sayen kaya na hawa kowace shekara amma na gyara na tsaye wuri guda, to lambar da za ka kai fada kenan.